Yadda ake jera littattafai da sa musu lamba a ɗakin karatu: na aro daban, na ajiya daban

Tambaya guda ce mutane ke ta maimaita min a nan Damagaram, wani a waya wani in mun haɗu a hanya: an ba mu littattafai karto-karto, ta ina za mu fara? Wani mushe ne da direkta ya danƙa ma makullin bibliyotek na lekol alhali bai taɓa koyon aikin ba, wani sakataren ƙungiyar matasa ne, wani kuma mahaifinsa malami ne ya rasu ya bar akwatuna cike da littattafan Larabci har da na rubutun hannu. To ga aikin daki-daki. Amma ka riƙe abu guda tun yanzu, littafin da za a ara a kai gida da wanda ba shi da na biyu ba a yi musu aiki iri ɗaya. Na farko ana jera shi bisa fanni don mai karatu ya same shi da kansa, na biyu ana jera shi bisa inda ya fito, kuma ba a manna masa komi.

1. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Babban kaye mai bango mai ƙarfi guda biyu (ɗaya na littattafan kowa, ɗaya na ajiya), kashe mai sunan ɗakin karatun da tawadarsa, farar takarda, almakashi, rula, baƙin bik, fensir mai laushi 2B, faffaɗan sikoc mai haske na santimita 5, buroshi mai laushi irin na fenti wanda bai taɓa fenti ba, busasshen tsumma, da takunkumi saboda ƙura.

Duk waɗannan ƴan jikkuna ne, kanta ce ke cin kuɗin. Ka yi lissafi kafin ka je wajen mai walda ko kafinta: mita ɗaya na kanta yana ɗaukar littafi 30 zuwa 35 masu matsakaicin kauri, ke nan littafi 1000 na son kusan mita 30, in ka ƙara filin da za ka bari don waɗanda za su zo gaba ya zama mita 40. Kanta mai hawa 5 da faɗin santimita 90 tana ba ka mita 4 da rabi, sai ka nemi tara. Sikoc kuwa kowane littafi na cin kamar santimita 10, nadi ɗaya na mita 50 ya ishi littafi 500.

Hattara: kada faɗin hawa ɗaya ya wuce santimita 90, in ya wuce zai lanƙwashe a tsakiya ko da katakon na da kyau, littafi na da nauyi fiye da yadda ake zato. Ni dai ƙarfe na fi so a garin nan saboda gara, amma a yi masa fentin hana tsatsa kuma a bari ya bushe sarai, har warin ya fita, kafin littafi ya hau.

2. Raba su kashi uku

Kar ka fara da lamba. Ka fito da komi bisa tabarma a inuwa, ka kakkaɓe kowane littafi yana rufe, buroshi daga wajen ƙashin bayansa zuwa waje, sannan ka raba.

Kashi na farko na kowa ne, wanda za a ara: littattafan lekol, roman, tatsuniyoyi, na yara, na addini da ake samu a Kasuwar Dole ko a saro daga Kano. Na biyu wanda ake dubawa a wurin ba a fita da shi: ƙamus, atlas, kundin sani mai juzu'i da yawa. Na uku na ajiya: rubutun hannu na Larabci da ajami, duk abin da aka rubuta kan Damagaram da Mirriya da Magarya da Matamaye da Tanut da Gure, memwar na ɗalibai (kundin binciken kammala karatu), tsofaffin jaridu, hotuna, kaset, wasiƙu, takardun zamanin Nasara musamman na kafin 1926 lokacin da garin nan ke babban birnin ƙasa ba a koma Yamai ba. Tambayar da za ka yi ma kanka mai sauƙi ce, in wannan ya ɓace zan iya sayo wani? In amsar a'a ce, na ajiya ne, ko da ƴar ƙasida ce mai shafi 12 da aka buga da tsohon inji.

Hattara: littafin da ka ga garin takarda na zuba daga cikinsa, ko hanyar gara, ko baƙin tabon danshi, ka ware shi nesa nan take kar ya shiga cikin sauran. Kuma kar ka shanya shi a rana, ranar watan Afrilu ta nan za ta ƙona takardar ta koma tana karyewa. Inuwa mai iska, a buɗe.

Akwai kuma tarin da ba ya da amfani, irin kyautar da ake turowa daga waje, littafin dokar harajin wata ƙasa na shekara talatin baya ko na koyon inji da aka daina ƙerawa. Kar kunya ta sa ka ba su kanta. Ka rubuta sunayensu a takarda, shugaba ya sa hannu, a fitar da su.

3. Kyauta ce ko amana?

Wannan matakin mutane ke tsallakewa, kuma shi ke kawo rigima. Duk wanda ya kawo littattafan ajiya, musamman na mamaci, a zauna a rubuta: wa ya kawo, na wane ne asali, guda nawa, ranar nawa, kyauta ce har abada ko wakafi ko ajiya ce za a iya karɓa, an yarda a nuna ma kowa ko a'a, an yarda a ɗauki hoto ko a'a. Shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. In gado ne ba a raba ba, ɗa guda ba shi da ikon kyautar da shi, ka ce masa Malam ka yi haƙuri ka je ka zo da yardar sauran magada. Yau kowa na murna, bayan shekara biyar ƙanin mamaci zai dawo daga tafiya ya ce ina littattafan yayana, ranar takardar nan ce kaɗai za ta yi magana.

4. Rajista da kashe

Kowane littafi na da lamba biyu, kar ka haɗa su. Ta farko lambar rajista, ita ce shaidar cewa littafin ya shigo, ba ta canzawa har abada. Ta biyu lambar kanta, masu aikin na ce mata kot, ita ke faɗin inda yake zaune.

Ka ja layuka a kaye: lamba, ranar shigowa, marubuci, sunan littafi, mai bugawa, shekara, saye ko kyauta, lambar kanta, bayani. Ka fara daga 1 ka yi ta tafiya yadda suka zo hannunka, ba ruwanka da fanni a nan. In littafi iri ɗaya kwafi 20 ne, lamba 20 za ka ba su, in tafsiri ne mai juzu'i 4, lamba 4. Ka rubuta lambar a bayan shafin suna, ka buga kashe a nan, da shafin ƙarshe, da wani shafi na ciki da ka zaɓa wanda ba ya canzawa, misali shafi na 21 a kowane littafi, saboda mai ɗauka yakan yage shafin farko ya manta da na ciki.

Hattara: littafin da ya ɓace ba a ba wani lambarsa, ja layi da jan bik ka rubuta dalili da rana. Kashe kuma a farin wuri ake buga shi, ba bisa rubutu ba, balle bisa aya. Littafin Larabci daga dama yake buɗewa, na sha ganin an buga kashe da lamba a ƙarshen littafi ana zaton farko ne.

In akwai ordinata, Excel ya wadatar ga ƙaramin ɗaki, masu intanet da wanda ya iya suna iya sa PMB ko Koha, manhajojin tafiyar da ɗakin karatu ne, dukansu kyauta ne. Amma kaye ya fara, wuta na ɗaukewa, inji na mutuwa.

5. Lambar kanta ga littattafan kowa

Tsarin da ya fi yaɗuwa shi ne na Dewey, wanda ya fito tun 1876, ya raba ilimi gida goma:

000 ilimin kwamfuta da na gaba ɗaya
100 falsafa da halayyar ɗan adam
200 addini
300 zamantakewa, siyasa, tattalin arziki, shari'a, tarbiyya
400 harsuna
500 lissafi da kimiyya
600 likitanci, noma, kiwo, sana'o'i
700 zane, kiɗa, wasanni
800 adabi
900 tarihi da labarin ƙasa

In littattafanka ba su kai dubu biyu ba, lamba uku ta isa: 510 lissafi, 610 lafiya, 630 noma, 340 shari'a, 370 tarbiyya. Sai inda kaya suka yi yawa za ka tsawaita, kuma a wajenmu wuraren sanannu ne: tarihin Nijar 966.26, na Najeriya 966.9, harshen Larabci 492.7, harshen Hausa 493.72, adabin Hausa 893.72.

Matsalar ita ce Musulunci, Dewey ya cusa shi duka a 297, alhali a islamiyya ko ɗakin karatun unguwa shi ne rabin kaya. Kar ka wahalar da kanka da dogayen lambobi, ka raba shi yadda malamanmu suka saba: 297 TAF tafsiri, 297 HAD hadisi, 297 FIƘ fiƙihu, 297 TAU tauhidi, 297 SIR sira, 297 TAS tasawwufi. Nahawu da lugga su tafi 492.7.

Roman ba sai an ba shi lamba ba, harafin R ya isa, tatsuniya T, na yara Y. Littattafan Hausa da Kanuri da Fulfulde da Tamajak da Zabarmanci kuwa ni ina ba da shawara a yi musu kanta tasu kusa da ƙofa, a sa harafin harshe a gaban lambar, don wanda ya yi yaƙi da jahilci bai yi lekol ba ba zai ratsa kanta goma na Faransanci yana neman ɗan littafin kiwon kaji na Hausa ba, zai juya ne ya tafi.

Hattara: abin da ke cikin littafin ake bi, ba sunansa ba. Ka buɗe ka duba jerin babuka. Kuma duk hukuncin da ka yanke ka rubuta shi a shafin farko na kaye, in yau ka sa tarihin Annabawa a 297 gobe ka sa irinsa a 900, ka raba ƴan gida ɗaya.

6. Haruffa uku na marubuci

Ƙarƙashin lambar ana sa haruffa uku na farkon sunan marubuci. Littafin André Salifou kan sarautar Damagaram na 1971 zai zama 966.26 SAL. A nan ake shan wuya da sunayenmu tunda yawancinmu ba mu da sunan dangi irin na Turawa. Doka mafi sauƙi, ɗauki suna na ƙarshe kamar yadda aka buga a littafin, ka tsallake Alhaji, Elhaji, Malam, Shehu, Dokta, Hajiya, ka tsallake “al” na sunayen Larabawa in ba haka ba rabin kantarka ALB da ALM za ta zama. Wani marubucin kuma a littafi ɗaya Ousmane ne a wani Usman, ko Aboubacar da Abubakar, ka zaɓi rubutu ɗaya ka tsaya a kai. In ba marubuci, haruffa uku na sunan littafin, ban da le, la, les.

7. Manna etiket

Takarda A4 ɗaya ka raba ta layi 3 a tsaye 8 a kwance ta ba ka etiket 24, littafi 1000 takarda 42 ke nan. Lamba a sama, haruffa a ƙasa, manyan baƙaƙe. Ka yanka ɗan kwali mai tsawon santimita 2 ya zama ma'auninka, kowane etiket ya zauna santimita 2 daga gindin ƙashin bayan littafi, in sun jeru a layi guda ido na gane wanda ya ɓata wuri daga nesa. Sikoc ya rufe etiket ɗin duka ya zagayo bango ta gefe biyu. Siririn littafi da ba shi da ƙashin baya, a manna a bangon gaba ta kusurwar ƙasa kusa da ɗinki. Waɗanda ba a fita da su a ƙara musu jan ɗigo.

Hattara: ka goge ƙura kafin ka manna, a lokacin hunturu sikoc ba ya kama bango mai ƙura, sati biyu zai ɗago. Siririn sikoc na ofis ma ɓarnar kuɗi ne, zafi na busar da shi.

8. Jerawa

Daga hagu zuwa dama, daga sama zuwa ƙasa, ka gama kanta ɗaya kafin ka shiga ta gaba. Ka bar kamar kashi ɗaya cikin uku na kowane hawa babu komi. Hawan ƙasa ya ɗaga daga daɓe aƙalla santimita 15, kanta kuma kar ta jingina da bango, musamman ginin ƙasa, ka bar tazarar da za ka leƙa ka ga ko gara ta fara gini. Ka duba rufi kafin damina, inda ya taɓa yoyo ba a sa kanta.

Kuskuren da kusan kowa ke yi: lambobin bayan ɗigo ɗaya-ɗaya ake karanta su. 966.26 na zuwa kafin 966.9, don 2 ta riga 9, ba a cewa 26 ta fi 9.

Alƙur'ani kuwa hawan sama, ba a ɗora masa komi, ko da lissafin lamba ya kawo shi ƙasa. Ka fara kantar 297 da sabuwar kanta daga sama shi ke nan. Sannan ka rubuta allo a kan kowace kanta da Hausa da Faransanci, ka ajiye tebur ɗaya inda mai karatu zai bar abin da ya gama, kai ka mayar, don littafin da aka sa a gurbin da ba nasa ba daidai yake da ɓatacce.

9. Na ajiya: bugaggu, memwar, jaridu, hotuna

Armuwar mai makulli, kaye na daban, lamba ta daban. A nan ba a bin fanni. Abin da ya fito daga gida ɗaya yana zama tare a yadda ya zo, ka ba tarin harafi da lamba, misali tarin farko A1, abin da ke ciki A1-001, A1-002. Dalili shi ne tarin kansa labari ne, yana nuna abin da mutumin ya karanta da wanda ya koyar, in ka watsa shi cikin 297 da 900 ba mai sake haɗa shi.

Littattafan da suka shafi jihar nan ka sa musu D a gaban lamba, in kwafi biyu ne ɗaya ya shiga armuwar ɗaya ya je kantar aro. Memwar na ɗaliban Jami'ar André Salifou da na sauran makarantu a jera su da shekara da lambar shigowa, MEM 2019-014, sai a yi jerin fanni a kaye. Jaridu irin Le Sahel a kwance, wata-wata, ba a naɗe ba. Hoto a rubuta bayansa da fensir a hankali: su wane ne, ina ne, yaushe. Ka yi wannan da wuri tun dattawan da suka san fuskokin na raye. Kaset nesa da rana da lasifika.

10. Rubutun hannu

A nan ka manta da duk abin da na faɗa a mataki na 4 da na 7. Ba kashe, ba bik, ba sikoc, ba gam, ba ƙusar takarda, ba roba, ba leda, kuma don Allah kar a kai shi a yi masa rufin leda mai zafi irin na katin ɗan ƙasa, wannan ba ya warwaruwa. Tawadar malamai ruwa na wanke ta, saboda haka hannu a wanke a bushe, ba a lasar yatsa a juya shafi, ba shayi a teburin.

Yawancinsu warƙoƙi ne a sake tsakanin tadarishi cikin gafaka. Kar ka gyara jerinsu ko da ka ga kamar a hargitse suke. Ka fara ƙirga su yadda ka same su, ka sa ƴar lamba da fensir a kusurwar sama ta kowace warƙa, sannan ka nemi malamin da ya iya karanta rubutun Warshu ya zauna da kai. Shi zai bi kalmar da marubuci ke sawa a gindin shafi wadda ita ce farkon shafi na gaba, ya gane ko jerin daidai ne, ya kuma gane inda littafi ɗaya ya ƙare wani ya fara, don gafaka ɗaya na iya ɗaukar littafi biyar da wasiƙa da lissafin bashi.

A kaye ka rubuta: lamba (MS A1-007), suna in akwai, mawallafi, wanda ya kwafa, shekara in ya sa, harshe (Larabci, ajamin Hausa, Kanuri, Fulfulde), yawan warƙa, tsawo da faɗi, layin farko da na ƙarshe, da lafiyarsa. Lambar kuma a rubuta ta da fensir a ƴar farar takarda a saka ciki, a sake rubuta ta a jikin kwalin da zai zauna. Gafakar ma kaya ce, ta zauna tare da littafinta da lamba ɗaya. A naɗe da farin yadin auduga da aka wanke ba sitati, ba da jarida ba, a kwantar, kar a ɗora fiye da uku ko huɗu.

Ka ɗauki hoton kowace warƙa da waya a hasken taga ba filasha, sunan fayil ya zama lambar littafin, kwafi a wuri biyu. Mai bincike hoton za ka fara ba shi. Amma ka koma takardar mataki na 3, wani kundin na asirin gida ne, masu shi ba su yarda a gani ba, a rubuta “a rufe” a kaye a kuma kiyaye. Wanda ya manne da juna ko yake marmashewa kar ka ɓamɓare, ka bar shi yadda yake ka tuntuɓi sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH, cibiyar binciken ilimin zamantakewar ɗan adam da ke Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, aikinsu ke nan.

11. Ƙidayar shekara

Sau ɗaya a shekara, lokacin babban hutu, a karɓo duk aro a rufe ɗaki. Mutum biyu, ɗaya na karanta lambar rajista daga littafin da ke kanta, ɗaya na sa alama da fensir a kaye. Wanda ba a gani ba a sa masa alamar tambaya, sai an sake rasa shi a ƙidaya ta gaba sannan a ja masa jan layi, don da yawa suna faɗawa bayan kanta ne ko suna jakar wani mushe. Armuwar na ajiya kuwa ba ya jiran shekara, a buɗe shi kowane wata a duba gara da ɓera da kyankyaso, a watan Agusta kowane sati, kuma duk wanda aka fito ma da wani abu daga ciki ya rubuta sunansa da rana da lambar abin a kaye, ya karanta a gabanka, ka ƙirga warƙoƙin kafin ya tashi.